Bargon Miliyoyin Naira: Yadda Manoman Ayislan Ke Gadin Agwagwar Teku Saboda Gashin Ƙirjinta

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, ɗaruruwan iyalai a gaɓar tekun ƙasar Ayislan sukan shiga makonnin da barci ke yi musu wuya. Abin da ke hana su runtsawa wata agwagwar teku ce da ake kira aida, wadda ke fitowa tudu sau ɗaya a shekara domin ta yi ƙwai. Agwagwar ba mallakar kowa ba ce. Babu mai ba ta hatsi, babu mai kulle ta a akurki, kuma dokar ƙasar ta haramta kashe ta tun shekarar 1847. Duk da haka, mutane sukan kwana a waje suna tsaron ta, domin idan ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta ta koma ruwa, takan bar musu wani abu a sheƙarta da ya fi duk wani gashin tsuntsu tsada a duniya.

Wannan abu shi ne tattausan gashin da take figewa da kanta daga ƙirjinta ta shimfiɗa wa ƙwanta. Da shi ake cika barguna waɗanda farashin guda ɗaya ke farawa daga dubban daloli, manyan cikinsu har su haura dala 10,000. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Najeriya zai yi shekaru yana tara albashinsa kaf bai kai kuɗin guda ɗaya ba.

Abin da duniya ke samu na wannan gashi a shekara bai wuce tan huɗu ba, wato abin da ƙaramar motar ɗaukar kaya za ta iya ja idan nauyi ake magana. Kusan tan uku daga ciki Ayislan ce ke fitar da shi. Ƙasar da jama'arta ba su kai rabin miliyan ba ta riƙe wannan kasuwa ne saboda ta daɗe da fahimtar cewa agwagwar ta fi amfani a raye, kuma ta tsara dokokinta a kan wannan fahimta.

Bambancin gashin ciki da na waje

Tsuntsun ruwa yana da gashi iri biyu. Akwai na waje, mai tsinke a tsakiya, wanda ke tare ruwa da iska, shi ne kuma wanda ido ke gani. A ƙarƙashinsa, manne da fata, musamman a ƙirji da ciki, akwai wani mai laushi wanda ba shi da tsinke mai tauri. Kowane ƙwaya ɗaya nasa kamar ɗan curin auduga yake, da siraran zaruruwa masu yawa da suka fito daga ɗigo guda suka bazu ko'ina.

Gashin ba ya samar da zafi da kansa. Aikinsa shi ne riƙe iska a tsakanin zaruruwansa ya hana ta motsi, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Saboda haka ɗumin da jikin mai barci ya fitar yakan tsaya a ƙarƙashin bargon maimakon ya watse cikin ɗaki. Wannan ne ya sa bargon da nauyinsa bai taka kara ya karya ba yake iya fin tulin barguna masu nauyi ɗumi. Hausawa sun san irin wannan aiki a jikin audugar rimi, wadda aka daɗe ana cusa wa matashin kai da katifa da lifidin dawaki, ita ma rashin nauyinta da iskar da take riƙewa ne darajarta.

Gashin aida ya fi na sauran agwagi da dinya ta fuska ɗaya. Zaruruwansa suna da wasu ƙananan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, waɗanda ke sa su kama juna. Idan aka ɗebi gashin dinya a tafin hannu aka hura, watsewa yake yi. Na aida kuwa yakan zauna a dunƙule, a matse shi ya shige cikin dunƙulen hannu, a sake shi ya kumbura ya koma yadda yake. Tsuntsuwar tana bukatar hakan, domin a tsibiran da take sheƙa iska ba ta tsayawa, kuma gashin da ba ya kama juna da tuni guguwa ta kwashe shi. A cikin bargo ma haka abin yake: ba ya zamewa ya taru a gefe guda ya bar wani gefen fanko. Launinsa toka-toka ne mai ɗan ruwan ƙasa, kuma idan an kula da shi yakan yi shekaru gommai, har a sauya masa ƙyalle a bar wa 'ya'ya gado.

Uwar da ke azumi a kan ƙwai

Aida tana cikin manyan agwagin arewacin duniya, nauyinta yakan kai kilo biyu ko fiye. Namijin fari ne da baƙi, da ɗan kore a ƙeya. Macen kuwa ruwan ƙasa ce mai zane-zane, launin da ke sa ta saje da duwatsu da busasshiyar ciyawa. Kusan duk rayuwarsu a teku suke yi, suna nutso suna cin ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, da kaguwa, suna haɗiye su da ɓawon gaba ɗaya.

Idan lokacin ƙwai ya yi, macen takan fito tudu ta sami ɗan gurbi ta tara ciyawa da tarkacen teku, ta saka ƙwai huɗu zuwa shida. A wannan lokaci gashin ƙirjinta yakan saki, sai ta riƙa cire shi da baki tana jera shi kewaye da ƙwan. Hakan yana amfani ta hanya biyu: fatar ƙirjinta mai ɗumi tana taɓa ƙwan kai tsaye, gashin kuma yana tare sanyin ƙasa da na iska. Idan za ta ɗan tashi shan ruwa, sai ta ja gashin ta lulluɓe ƙwan.

Kwancin yakan ɗauki kwana 25 zuwa 28, kuma a tsawon wannan lokaci kusan ba ta cin komai. Takan rasa kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinta kafin 'ya'yan su fito. Da sun ƙyanƙyashe, cikin kwana ɗaya ko biyu take jan su zuwa ruwa, inda iyaye mata ke haɗa 'ya'yansu wuri guda su yi renon taro. Sheƙar kuwa an gama da ita ke nan. Idan ba a kwashe gashin ba, ruwan sama da iska ne za su lalata shi.

Wannan wata guda na kwanci shi ne lokacin da tsuntsuwar ta fi shiga haɗari. Tana zaune a ƙasa, ga yunwa, ga ƙwai a fili. Yanyawar ƙanƙara, wadda ita kaɗai ce dabbar tudu mai shayarwa da mutane suka tarar a Ayislan, tana yawo a bakin gaɓa. Hankaki da manyan tsuntsayen teku suna shawagi suna jiran ta ɗaga. Akwai kuma mink, wata dabba mai kama da tunku, wadda aka shigo da ita ƙasar a shekarar 1931 domin kiwon fatarta, ta kuɓuce daga keji ta bazu. Mink ta iya iyo, don haka ko tsibiri ba ya tsare sheƙa daga gare ta.

Makonnin gadi

A nan ne manomi ke shigowa. Tun kafin tsuntsayen su iso, yakan gyara musu wuri: ya share tsofaffin gurabu, ya zuba busasshiyar ciyawa, ya jera duwatsu ko katako ko tsofaffin tayoyin mota domin su sami mafaka. Wasu sukan kafa tutoci masu launi da mutum-mutumi, wasu su bar rediyo a kunne dare da rana domin muryar mutum ta kori yanyawa. Wasu sukan kewaye filin da waya.

Daga nan sai gadi. A watan Yuni rana kusan ba ta faɗuwa a Ayislan, dare yakan zo da haske kamar na bayan la'asar sakaliya. Iyalai sukan raba dare a tsakaninsu, wani ya zauna a ɗan ɗaki a kan tudu da tabarau mai hangen nesa da bindiga, yana duban inda yanyawa za ta ɓullo. Yanyawa ɗaya idan ta shiga fili a dare guda tana iya tayar da ɗaruruwan tsuntsaye daga kan ƙwai, kuma wurin da aka tarwatsa yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Tsuntsayen sun gane wannan hidima ta hanyarsu. Macen aida takan koma inda ta yi ƙwai lafiya a bara, sau da yawa gurbin nan dai, kuma tana iya yin shekaru fiye da goma tana dawowa. 'Ya'yanta mata ma sukan dawo yankin da aka ƙyanƙyashe su. Saboda haka filin da ake tsaro yakan cika shekara bayan shekara, har a sami dubban sheƙuna a gona guda, wasu a gindin katangar gida, wasu a bakin ƙofa. A tsibirin Vigur da ke arewa maso yammacin ƙasar, da kuma tarin tsibiran mashigin tekun Breidafjordur, an yi ƙarni da ƙarni ana wannan zama. Filin da aka daina tsaro kuwa, a hankali tsuntsayen suke ƙaurace masa.

Kwasar gashin ma tana da ladabinta. Wasu manoma sukan jira sai 'ya'yan sun tafi, amma a lokacin ruwa ya riga ya taɓa gashin. Da yawa sukan zagaya ne a ƙarshen kwanci: mutum ya matso a hankali, uwar ta ɗan ja gefe ko ma a ɗaga ta da hannu, a ɗebe gashin, a maye gurbinsa da busasshiyar ciyawa mai laushi, a mayar da ƙwan. Gaggawa ba ta da amfani a nan, domin idan aka firgita ta, takan tashi ta fesa wa ƙwan kashi mai wari don ta kori maƙiyi, abin da ke ɓata gashin. Mai gona ya san tsuntsayensa, ya san wadda ke yarda a taɓa ta da wadda ke sara.

Daga sheƙa zuwa gado

Abin da aka kwaso daga fili bai yi kama da kayan alatu ba. Cakuɗe yake da ciyawa, da tarkacen teku, da ɓawon ƙwai, da ƙuma. Mafi yawan nauyinsa datti ne. Sheƙa guda ba ta ba da abin da ya wuce giram 15 zuwa 20 na tsabtataccen gashi, ma'ana sai an haɗa sheƙa kusan 60, wani lokaci fiye, kafin a sami kilo ɗaya, wanda shi ne kimanin abin da babban bargo guda ke ci.

Matakin farko shi ne busarwa nan take, domin danshi yana ruɓar da shi. Sai a saka shi a tanderu a zafin da ya kai digiri 120 na tsawon sa'o'i, abin da ke kashe ƙwari da ƙwayoyin cuta, ya kuma sa ciyawar da ke ciki ta bushe ƙayau ta riƙa karyewa. A da, mata ne ke tsabtace shi a kan wani katako mai kusurwa huɗu da aka ɗaure wa igiyoyi a jere kamar tsirkiyar molo. Sukan ɗora gashin a kai su riƙa kaɗa igiyoyin da ɗan itace, dattin yana zuba ƙasa, gashin yana maƙalewa. Aiki ne mai cin rai da ƙura, kilo ɗaya yakan ci kwanaki masu yawa. Tun daga shekarun 1950 aka ƙera injuna a Ayislan da suka rage wannan wahala, amma har yau matakin ƙarshe da hannu ake yin sa: mutum ya zauna da haske mai kyau yana tsince ragowar tsinke da ƙulli ɗaya bayan ɗaya.

Kafin a sayar, doka ta wajabta wani mai duba inganci da hukuma ta ba lasisi ya gwada gashin, ya duba tsabtarsa da ƙanshinsa da launinsa da yadda yake kama juna, ya auna shi, sa'annan ya ba da takardar shaida. Wannan takarda ce ke bin kayan zuwa ƙasashen waje, musamman Japan da Jamus, waɗanda suka daɗe suna kan gaba wajen saye. Manoman da ke wannan sana'a sun kai kimanin 350 zuwa 400, kuma suna da ƙungiyarsu tun 1969. Ga mafi yawansu gashin ƙari ne a kan kiwon tumaki ko kamun kifi ko karɓar baƙi masu yawon buɗe ido, sai dai ƙari ne da ke riƙe wasu iyalai a ƙauyukan da jama'a ke ta barin su.

Dokar da ta zauna da gindinta

Mutanen arewacin Turai sun daɗe da sanin darajar gashin tsuntsu. A wajajen shekarar 890, wani attajiri daga arewacin Norwe mai suna Ottar ya shaida wa Sarki Alfred na Ingila cewa gashin tsuntsaye yana cikin harajin da ake biyan sa. A kabarin Oseberg na ƙasar Norwe, inda aka binne wasu mata biyu cikin jirgin ruwa a shekarar 834, masu tonon tarihi sun tarar da shimfiɗun da aka cika da gashin tsuntsu. A Ingila kuma ana danganta wa wani malamin Kirista mai suna Cuthbert, wanda ya zauna a tsibiran Farne a ƙarni na bakwai, cewa ya hana a taɓa waɗannan agwagi, har mutanen yankin suna kiran su da sunansa.

Sai dai sanin daraja bai hana ɓarna ba. A wurare da dama na arewa an bi hanyar da ta fi sauƙi: a kwashe ƙwai, a kwashe gashi, a harbe uwar a ci nama. A yammacin Girinlan, farauta da kwasar ƙwai sun rage yawan tsuntsayen ƙwarai a ƙarni na ashirin, kuma ba su fara farfaɗowa ba sai da aka taƙaita lokacin farauta a farkon shekarun 2000.

Ayislan ta bi wata hanya dabam. Tun tana ƙarƙashin sarautar Denmak aka fara kafa dokokin kare aida a ƙarni na sha takwas, aka kuma haramta farautarta gaba ɗaya a 1847. Dokar da ke aiki yanzu ta ba mai fili damar ya sa hukuma ta ayyana wurin sheƙunsa a matsayin keɓaɓɓen wuri. Da zarar an yi haka, a lokacin kwanci ba a harba bindiga a tazarar kilomita biyu daga wurin sai don korar maɓarnata, ba a kuma jefa ragar kamun kifi a tazarar mita 250 daga gaɓa ba tare da izinin mai filin ba.

Abin lura ga duk mai aikin tsara dokoki shi ne yadda aka rarraba haƙƙi. Tsuntsuwar ba ta manomi ba ce, don haka ba shi da ikon kama ta ko sayar da ita. Gashin da ta bari a filinsa kuwa nasa ne. Ba yadda zai yi ya ƙara abin da yake samu sai ta hanyar sa tsuntsaye da yawa su zaɓi filinsa, su kuma rayu su dawo baɗi. Gwamnati ba ta bukatar ta tura ma'aikacin gandun daji kowane tsibiri, domin wanda dokar ta fi yi wa amfani yana kwana a wurin.

A Norwe ma akwai irin wannan al'ada a tsibiran Vega, inda mata ke gina wa agwagin 'yan ɗakuna na katako da dutse, su shimfiɗa musu busasshen tarkacen teku, su kuma rage hayaniya a gida har sai an ƙyanƙyashe. Hukumar UNESCO ta sanya tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, kuma wannan zama na mata da tsuntsaye yana cikin manyan dalilan. A Kanada ana tara gashin a tsibiran kogin Saint Lawrence, haka ma al'ummar Inuit na garin Sanikiluaq, waɗanda suka daɗe suna ɗinka rigunan sanyi da shi.

Sauran kasuwar: inda yawa yake

Tan huɗu ba za su rufe duniya ba. Kusan duk barguna da matasan kai da rigunan sanyi masu gashin tsuntsu da ke kantuna, daga agwagi da dinyar kiwo ake samun cikonsu, bayan an yanka su domin nama. Ƙasar Sin, inda ake cin naman agwagwa fiye da ko'ina, ita ce ke samar da kaso mafi girma, sai ƙasashe irin su Hangari da Polan da suka yi suna da gashin dinya.

Bukatar ta ƙaru ne a ƙarni na ashirin. A 1922 wani masanin kimiyya ɗan Ostireliya, George Finch, ya yi yunƙurin kaiwa ƙololuwar dutsen Everest sanye da rigar da aka cika da gashin aida, abokan tafiyarsa suna yi masa dariya har sai da sanyi ya nuna musu gaskiyarsa. A 1940 Ba'amurken nan Eddie Bauer ya yi wa rigarsa mai gashin dinya rajistar mallaka. A Ingila kuma, kantin Habitat da aka buɗe a 1964 ya taimaka wajen sa jama'a su bar tulin barguna su koma ga guda ɗaya mai ciko, wanda ake kira duvet, kalmar Faransanci da ke nufin shi wannan tattausan gashi.

Yawan bukata ya zo da nasa aibin. An sami gonakin da ke fige dinya da ranta, sau da dama kafin a yanka ta, domin a ci riba fiye da sau ɗaya a jikin tsuntsu guda. Fatar takan yage, a ɗinke ta ba tare da maganin kashe zafi ba. Wani shirin binciken talabijin na ƙasar Suwidin ya nuna hakan a 2009, lamarin da ya tayar da ƙura a Turai. Daga baya, a 2014, aka fito da wani tsarin tantancewa da ake taƙaita sunansa da RDS, wanda kamfanin The North Face ya jagoranci samar da shi tare da ƙungiyar Textile Exchange. Tsarin ya haramta figar tsuntsu da rai da kuma ɗura masa abinci da ƙarfi, kuma yana bin sawun gashin daga gona zuwa kanti. Ƙungiyoyin kare dabbobi suna ci gaba da cewa binciken gonaki bai wadatar ba, musamman inda gashin ke ratsa hannun dillalai da yawa kafin ya isa masana'anta.

Abin da mai saye ya kamata ya duba

Jami'in da aka tura kwas ko aikin jakadanci Turai ko Arewacin Amurka a lokacin hunturu, ko mai ɗa da ke karatu a can, zai iya tsintar kansa gaban kantin irin waɗannan kaya. Abu na farko shi ne karanta takardar da ke jikin kayan. Takan faɗi kaso nawa ne tattausan gashi, kaso nawa ne mai tsinke. Mai tsinken ya fi araha, ya fi nauyi, ɗuminsa bai kai ba, kuma yakan huda ƙyalle ya soki mutum.

Na biyu, akwai wata lamba da ake rubutawa, kamar 550 ko 700 ko 800. Tana nuna irin girman wurin da giram 28 na gashin ke cikawa idan ya kumbura. Lamba mai girma na nufin ɗumi mai yawa a nauyi kaɗan. Na uku, kalmar eiderdown a jikin kaya ba hujja ba ce, domin a Turancin Ingila ta daɗe da zama sunan kowane bargo mai kauri, ko da me aka cika shi. Na gaskiyar yana zuwa da takardar shaida, kuma ba a samun sa da araha.

Mafi yawan manyan bargunan da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya da sunan duvet zaren roba ne a cikinsu, kuma ga sanyin hunturu ko na na'urar sanyaya ɗaki sun wadatar, sun kuma fi sauƙin wanki. Gashin tsuntsu ba ya son danshi: idan ya jiƙe yakan manne ya daina riƙe iska, idan kuma aka ajiye shi bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna da wari. Ba a kuma barin sa a matse cikin leda na tsawon watanni. Likitoci sun tabbatar da cewa ƙurarsa tana iya jawo wa wasu mutane kumburin huhu, don haka wanda ya fara tari ko sarƙewar numfashi bayan ya sauya kayan gado, ya dace ya ambata wa likita hakan.

Abin da ke gaba

A 2015 ƙungiyar IUCN, mai bibiyar halittun da ke fuskantar haɗari, ta sanya aida cikin jerin waɗanda suka kusa shiga barazana, saboda raguwarta a Turai. A tekun Baltik, mikiyar teku da mink suna kashe iyaye mata a kan ƙwai. A tsibiran Svalbard da arewacin Kanada, narkewar ƙanƙarar teku da wuri tana sa farar dabbar nan ta beyar ta fito tudu neman abinci, ta bi sheƙuna tana cinye ƙwai. Ragar masunta tana nutsar da wasu, malalar mai a teku tana kashe wasu, ga kuma murar tsuntsaye da ta addabi tsuntsayen tekun arewacin Atlantika a shekarun baya-bayan nan.

Akwai kuma matsalar da ba ta teku ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Ayislan yanzu suna zaune ne a birnin Reykjavik da kewayensa, ƙauyukan gaɓa suna ta raguwa. Gonaki da dama babu mai kwana a cikinsu sai lokacin bazara, inda 'ya'ya da jikoki ke ɗaukar hutu daga aikin ofis su koma su yi makonnin gadi da kwasa. A Vega, bayan da mazauna suka bar ƙananan tsibiran a rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin, yawan sheƙuna ya faɗi ƙwarai, kuma 'yan tsirarun masu kula da suka rage ne ke komawa duk shekara su gyara ɗakunan. Hukumomin Norwe suna tallafa musu, ana kuma koya wa sababbi aikin, domin an ga a zahiri cewa tsibirin da mutum ya bari, mink da hankaka ne ke gaje shi, agwagin kuma su nemi wani wuri.